Safiyar da Sambo Bai Tashi Ƙidaya Ba

Ƙarfe bakwai da minti goma na safiyar wata Juma'a, a tsakiyar bazara, na sa makulli a ƙofar babban ɗaki don ƙidayar safe. Waɗanda ke wurin su ne ni, da Kofur Isa yana bayana riƙe da littafin suna, da gandiroba guda a bakin babbar ƙofa, sai mutanen ɗakin. Ogan gidan ya tafi Sakkwato tun ranar Laraba, ya bar mini makullai. Sunan gidan yarin ba zan rubuta ba, kun san shi. Abin da ya faru a wannan rana an faɗa muku shi iri biyu. Wasu sun ce ubanku ya karɓi saniya a hannun Fulani ya fitar da fursuna. Wasu sun ce ubanku ya ceci ran bawan Allah. Duka biyun ba haka ba ne. Zan jera shi yadda ya zo, kuma dole in koma ranar Litinin, don a nan ya fara.

A wannan shekara daji ya ɓaci. Ana kore shanu, ana ɗaukar mutane a gona, kuma duk wanda aka ga baƙuwar fuska gare shi a kasuwa sai 'yan banga su riƙe shi su miƙa wa 'yan sanda, su kuma su kai kotu, kotu ta rubuto takardar tsarewa ta aiko mana. Shiga ta yi yawa, fita ta yi kaɗan. Babban ɗaki an gina shi don mutum goma sha biyu, a makon da nake ba ku labari akwai talatin da fuɗu, kusan duka masu jiran shari'a. Taga biyu ce can sama, bokiti ɗaya a lungu, jarkar ruwa ɗaya. Da muka ga yawansu ya fi ƙarfin mu masu tsaro, ni da kaina na hana fitar da su tsakar gida shan iska, sai mutum biyu masu zubar da bokiti. Na kuma kafa tsari, ina alfahari da shi. Kowa yana kwana bisa layin zuwansa, wanda ya daɗe yana kusa da ƙofa inda iska take, sabon zuwa yana can kusa da bokiti. Kwanon gabza ɗaya mutum biyu, kai da wanda ke gefenka. Da safe bayan ƙidaya in tambaya, mai ciwo ya ɗaga hannu, a rubuta sunansa, sai Malam Shehu malamin asibiti ya duba shi ranar da yake zuwa. Wanda bai ɗaga hannu ba, a wurina lafiyayye ne. Da wannan tsari na hana faɗa a ɗakin wata da watanni.

Ranar Litinin da la'asar aka kawo Fulani biyu daga ƙasar Kebbe, wani ya ce shanu biyu da suka kai kasuwa nasa ne. Ɗaya tsoho, Gidado, mai farin gemu da ɗan sanƙo. Ɗaya kuma Sambo, dogo, siriri, bai fi shekara talatin ba. Na rubuta suna, na rubuta laifin da ake tuhuma, na karɓi sandunansu da layunsu na ba Kofur Isa ya je ya ajiye. Da na nuna musu wurin kwana, su biyu gefe da gefe a bakin bokiti, sai tsohon ya tsaya a ƙofa, ya yi magana ƙasa-ƙasa.

"Saje, in da hali, a raba ni da wanga."

"Don mi?"

Ya sunkuyar da kai. Sambo kuwa yana kallon bango.

"Nan ba masaukin baƙi ba na," na ce. "Inda anka aje ka, nan kaka kwana."

Na rufe ƙofa. Ku riƙe wannan, don duk abin da ya biyo baya daga nan ya fito.

Talata da safe wata Bafulatana ta zo bakin ƙofa da ƙwaryar fura da nono. Ta ce sunanta Dije, ta kawo wa mutanen da aka kawo jiya. Na sa ta ɗanɗana kamar yadda doka ta ce, aka shigar, ƙwarya ta dawo a wanke. Haka Laraba, haka Alhamis. Ban tambaye ta su wane ne gare ta ba, don babu layin wannan tambaya a littafin baƙi. Ranar Laraba Kofur Isa ya ce mini ƙaramin Bafulatanin nan ba ya cin komai, maƙwabtansa ke cinye rabonsa, furar ma su ke shanyewa. Na ce taurin kai ne, yunwa za ta sauke shi. Da na koma gida bayan la'asar ina cin abinci, na ba uwarku labarin, ina dariya. Uwarku Kulu ta tashi a ƙauyen da ke kusa da rugga, can wajen Fakku, ta san su fiye da ni. Ba ta yi dariya ba.

"Malam, mi yah haɗa shi da tsohon?"

"Shanu."

"Ban ce shanu ba. Ubanai na, ko kawu, ko mi?"

"Ba a rubuta wannan cikin littafi."

"To ka tambaya mana. Ni dai na san mutanen nan, akwai wanda in yana zaune, ko ruwa ba su kurɓa."

"Kulu, ni ban shiga maki madafi. Kar ki shigam min gidan yari."

Ta ɗauki tulunta ta fita. Alhamis da safe na yi tambayar masu ciwo, mutum biyar suka ɗaga hannu, masu ƙaiƙayi da masu tari. Sambo yana tsaye a layinsa, ya jingina da bango, hannunsa a ƙasa. Malam Shehu ya duba biyar ɗin ya tafi.

Yanzu na dawo Juma'a. Dokar ƙidaya ita ce kowa ya miƙe, in an kira suna ya amsa. Kofur Isa ya kira talatin da uku, aka amsa. Ya kira Sambo, shiru. Ya sake kira. Na taka cikin ɗakin, abin da ba na yi, na ratsa ƙafafu har lungun bokiti. Yana kwance a miƙe, idonsa a rabin buɗe ba ya ganin kowa, leɓɓansa sun tsage sun yi baƙi, yatsunsa suna fizga. Na taɓa goshinsa, ya ƙona mini hannu. Tsohon yana zaune kusa da shi, ya juya masa baya, fuskarsa ga bango. Sai wani daga tsakiyar ɗaki ya ce, ba da ƙarfi ba ma:

"Sanƙarau na."

A wannan bazara an ji labarin sanƙarau a ƙauyuka, kowa ya san wanda ya ɗauka. Kafin in miƙe, mutum talatin sun yi kan ƙofa gaba ɗaya. Kofur Isa yana can shi kaɗai, ƙofa a rabin buɗe, ni kuma ina ƙarshen ɗaki, makullan gidan duka suna rataye a ƙuguna. Na yi shekara ashirin da wani abu a aikin nan, ban taɓa jin tsoro irin na wannan lokacin ba. Na dafe makullan da hannu kar a ji ƙararsu. Na san in mutum ɗaya ya waiwayo ya tuna inda makullai suke, an gama. Ba mugaye ba ne yawancinsu, tsoro ne ke tura su, amma ƙofa ba ta san wannan ba. Na tattaro muryar da nake ƙidaya da ita.

"Kowa shi koma layinai shi zauna. Zan fitar da ku tsakar gida goma-goma, bisa layi. Wanda nig gani tsaye, shi a ƙarshen fita."

Ba ni da ikon yin wannan alkawari. Amma wata shida ina koya musu layi, sai jikinsu ya bi kafin tunaninsu. Na kusa da ƙofa suka fara zama don kar su rasa wurinsu, sauran suka bi. Na sa mutum biyu suka ɗauko Sambo da bargo, muka shimfiɗa shi a inuwar ofis. Na cika alkawari, na fitar da su tsakar gida, mu uku muna tsaron talatin da uku a fili, ina ƙirga su da ido ba tsayawa.

Ƙarfe takwas da rabi Malam Shehu ya iso a kan mashin, don na buga masa waya. Ya durƙusa, ya tallabi kan Sambo ya lanƙwasa wuyan zuwa ƙirji, wuya ya bi. Ya tsinci fatar cikinsa ya saki, fata ta tsaya ba ta koma ba. Ya danna mararsa, Sambo ya yi nishi.

"Ba sanƙarau ba na, Saje. Ƙishirwa ta. Yaushe rabonai da fitsari?"

Ban sani ba. Na tambayi wanda ke kwana gefensu, ya ce tun da mutumin nan ya zo bai gan shi a bakin bokiti ba ko sau ɗaya, in moɗa ta zo kansa sai ya jiƙa leɓe ya miƙa gaba. Nan maganar uwarku ta faɗo mini. Na sa aka kira tsohon ofis, na tambaye shi abin da ya kamata in tambaya tun Litinin.

"Baba, mi yah haɗa ka da wanga?"

Ya amsa yana kallon ƙasa.

"Ɗiyata shika aure."

Ko sunansa bai kama ba. Dije mai kawo fura 'yar tsohon ce, matar Sambo. Na haɗa mutum da surukinsa a kwano ɗaya, na kwantar da su kafaɗa da kafaɗa, na ajiye bokitin bahaya bai kai kamu biyu daga kan tsohon ba. Bafulatanin da ya tashi da fulako, kunyar nan tasu, ba zai ci a gaban surukinsa ba, balle ya tsuguna a gabansa, balle ya ɗaga hannu yana kallo ya ce ciwo gare shi. Sai ya daina shan ruwa don kada bokiti ya kama shi. Kwana fuɗu, cikin zafin bazara, a ɗakin da bango ke zufa. Ni ba baƙo ba ne, na san wannan al'ada tun ina ƙarami. Ban tuna ta ba don ba ta cikin tsarina.

Malam Shehu ya gwada ɗura masa ruwa da cokali, ruwan ya dawo ta gefen baki. Ya ce sai ƙarin ruwa ta jijiya da robar fitsari, shi kuwa akwatinsa babu komai sai maganin ƙaiƙayi da na zazzaɓi. Ya ce in ba a kai shi asibiti ba, ba ya jin zai ga la'asar. Fitar da mai jiran shari'a zuwa asibiti kuwa yana son abu uku, sa hannun oga, rakiyar 'yan sanda da mota, da sanar da kotu. Na bi su ɗaya bayan ɗaya. Wayar oga ba ta shiga, na kira har sau bakwai. 'Yan sanda sun ce motarsu da mutanensu sun bi sawun wasu da aka sace can gefen Dogon Daji tun asuba, mutum biyu kawai suka rage a ofis, ba za su iya barinsa ba, kuma gaskiyarsu ce. Kotu ba ta zama ranar. Na zauna a kujerar oga, agogon bango yana cewa goma saura kwata, mutum yana nishi a bakin ƙofa.

Ba zan ce muku tausayi ne kaɗai ya tashe ni ba. Tsoro ne ya fi yawa. Kakarku tana raye a lokacin, tana ƙauyenmu tare da ƙannena da iyalansu, burtalin da dangin Gidado ke bi da shanu yana bayan gonarmu. A shekarar da ta gabata wani makiyayi ya mutu a hannun masu tsaro a wata ƙasa can, ba wanda ya tsaya tambayar ciwon me, abin da ya biyo baya an kwana uku ana binne mutane. In na miƙa wa Dije gawar mijinta da baƙin leɓe, wa zai yarda ba duka ba ne? Kuma rugga ta san sajen da ke riƙe da makullai ɗan wane gida ne. In kuwa na fitar da shi ni kaɗai, 'yan banga suna kan kowace hanya, za su ce na sayar da ɓarawon shanu, su gama da mu biyu kafin a yi bincike. Na duba ko'ina, mutum ɗaya na gani da zai iya buɗe hanyar, shi ne Mamman Dogo shugaban 'yan banga, wanda ya kamo su. Mun yi firamare tare, ba mu taɓa shiri sosai ba. Na kira shi, ya zo da mutanensa biyu a kan mashin, da bindigar toka a kafaɗa.

"Saje, ka ce in zo maza, na ɗauka wani yat tsere maka."

"Babu wanda yat tsere. Wani za shi mutuwa."

Ya leƙa fuskar Sambo, ya ja tsaki.

"Wanga? Ni nik kamo shi, yanzu kuma ni ka kai shi asibiti? Gobe sai ka ce in tai in tatsam mai shanu."

"Kai kak kamo shi, kasuwa duka ta gan ka. In yam mutu nan, ba a cewa gandiroba. Cewa za a yi Mamman Dogo ya buge shi a hanya, ciwo ya ci shi ta ciki."

"Ko yatsa ban ɗora mai ba."

"Ni na sani. Je ka faɗa ma rugga."

Ya murza gemu. Shi ma yana da uwa a ƙauye.

"Tun muna aji ukku kake da baƙin baki," ya ce. "Sharaɗi guda. Ankwa hannunai da hannunka, makulli aljihuna. In yat tsere, da kai za shi tserewa."

Na yarda. Kafin mu tashi na sa aka tsaida tsohon a bakin ƙofa, Dije kuma tana waje da ƙwaryarta tun hantsi, don su gani da idonsu da rai ya fita. Na ce wa tsohon in yana so ya bi mu, zan ɗauki laifin wannan ma. Ya girgiza kai.

"In ina wurin, ba shi sha."

Na miƙa wa Kofur Isa makullai, na rubuta a littafi da hannuna cewa ni na fitar da fursuna ba da izini ba, ƙarfe goma sha ɗaya da minti ashirin, na sa hannu. Muka hau mashin mu uku, ɗan banga yana tuƙi, Sambo a tsakiya, ni a baya na rungume shi, kansa yana lilo a kafaɗata. Mamman yana gaba a nasa mashin, Malam Shehu yana biye da mu a baya. Dije ta biyo mu a ƙasa da gudu har ƙura ta raba mu.

Asibitin yana wancan gefen gari, hanyar kuma ta ratsa bakin tasha, inda mutanen ƙauyuka ke sauka don sallar Juma'a. A wurin hanya ta matse, masu kabu-kabu da masu tallan rake sun cika ta, dole muka rage gudu har ƙafata tana jan ƙasa. Wani ya ga kitson Sambo, ya ga ankwa, ya ga bindiga a gaba. Na ji maganar tana tafiya daga baki zuwa baki, an kamo ɗan bindiga, an kamo ɗaya daga cikinsu. Akwai mutanen da aka kashe wa 'yan'uwa a cikin taron nan, na san fuskar wasu. Suka rufe gaba, suka rufe baya. Wani ya kama rigar Sambo ya ja, na ji ƙarfen ya ci wuyan hannuna, na tuna makullin ba ya wurina. Dutse ya daki tankin mashin. Ina sanye da kaki, ina cewa ku ja da baya, ba wanda ke ji, muryar ƙidaya ba ta aiki a kan mutanen da ba ka taɓa jera su ba. Na fara kalmar shahada a zuciyata. Na tuna ban bar wa uwarku ko sallama mai kyau ba da safe, don tun Laraba muna ɗan fushi.

Mamman ya sauka, ya bar mashin ɗinsa ya faɗi, ya ratso ya tsaya gabanmu. Bai ɗaga bindiga ba.

"Kun san ni. Ni nik kamo shi, ni ka kai shi. Amma wanda ka son taɓa shi, bismilla, shi matso. Sanƙarau ag garai, ga malamin asibiti can baya ku tambaye shi."

Wanda ya riƙe rigar ya sake ta yana goge hannu a wando. Hanya ta buɗe kamar an share. Ƙarya Mamman ya yi, Malam Shehu kuma da ke biye da mu bai ƙaryata shi ba, ni ma ban ƙaryata ba. Allah ya yafe mana mu uku.

A asibiti aka rasa jijiya sai a ƙafa. Aka sa masa ruwa leda bayan leda, aka sa roba, abin da ya fito kaɗan ne kuma launin shayi. Ina zaune a bakin gado, hannuna ɗaure da nasa, na ji an tada sallar Juma'a an sallame ban je ba. Wajen la'asar ya buɗe ido. Ya dubi rufi, ya dubi ankwa, ya dube ni, sannan ya duba ɗakin gefe da gefe.

"Tsoho na nan?"

"Ba shi nan."

Sai ya buɗe baki, aka ba shi ruwa, ya sha.

Ƙarfe biyar 'yan sanda suka dawo daga daji suka aiko mutum ya karɓe ni tsaro. Na koma na yi ƙidayar yamma, talatin da uku, ɗaya a waje babu takarda. Na ɗauke tsohon daga bakin bokiti na kai shi kusa da ƙofa, ba wanda ya yi gardamar layi. Ranar Litinin oga ya dawo ya karanta abin da na rubuta. Bai zage ni ba, amma ya ce dole ya aika sama. Aka kira ni Sakkwato gaban manya uku, suka karanta mini laifina: na fitar da mai jiran shari'a ba izini, na bar gida da mutum biyu, na miƙa makullin ankwa ga wanda ba ma'aikaci ba. Duka gaskiya ne, ban musa ko ɗaya ba. Aka cire mini igiya ɗaya, aka mayar da ni wani gida mai nisa, inda na yi shekara fuɗu ina zuwa ganinku sau ɗaya a wata biyu. Ku ƙananan kun tashi kuna ganina kamar baƙo, uwarku ta riƙe gida ita kaɗai, ta sha maganar saniya a wurin biki da wurin suna. Ba ta taɓa ce mini ai na faɗa maka ba. Da ta faɗa da na fi samun sauƙi. Manyan nan uku ba su tambaye ni abin da ya faru ranar Litinin ba, don ba ya cikin takarda, ni kuma ban kawo shi ba.

Bayan na tafi, an ce hakimi ya tara oga da 'yan sanda da 'yan banga da Malam Shehu, suka daidaita wanda za a kira in irin haka ta sake faruwa kuma babu mota. Kofur Isa kuma ya ja layi da biro a gefen littafin shiga, duk waɗanda aka kawo tare sai ya tambaye su me ya haɗa su. Gidado da Sambo sun fita bayan mako bakwai, mai ƙarar ya ga shanunsa a wani wuri bai ko dawo kotu ba. Rugga ba ta taɓa ƙauyenmu ba. Amma Sambo bai koma yadda yake ba. Malam Shehu ya ce ƙodarsa ta taɓu. Ƙafafunsa suka riƙa kumbura, bai sake bin shanu zuwa kudu ba, yana zaune a rugga tare da tsofaffi, a damina ta uku ya rasu. Gidado ya bi shi bayan shekara biyu. Na sa an bincika mini a hankali, tsohon nan bai taɓa faɗa wa kowa cewa ya roƙe ni in raba su na ƙi ba. Ko kunya ce, ko yafiya, ban sani ba. Kofur Isa bai ji maganar ba, yana can yana ajiye sanduna. Uwarku ta rasu. Yau ni kaɗai na rage da na sani.

Kowace kaka, in sun sauko kusa da Kebbe cin karan gona, Dije tana aiko mini da man shanu a ƙaramar ƙwarya, da saƙon gaisuwa ga sajen da ya ɗauki mijinta a ƙirjinsa. Kun sha cin man nan a tuwo. Ni ban taɓa sa shi a baki ba, kuka ɗauka don hawan jini ne. Sau biyu na shirya in je in faɗa mata, sau ɗaya har na hango bukkokinsu, na ce wa mai mashin ya juya. Na tsaya a ɗaki da mutum talatin suna turo ƙofa, na zauna cikin taron tasha da ankwa a hannu, amma matar nan nake tsoro, kuma yanzu ƙafata ba ta kai ni ko masallaci sai da sanda.

Asma'u, ke ce babba, kuma mace ce ke, za ki iya shiga inda take. In an kawar da gero bana suka sauko, ki ɗauki waɗannan takardu ki je ki same ta. Ki karanta mata daga ranar Litinin, kada ki fara daga Juma'a, kada ki tsallake maganar da na faɗa wa ubanta a bakin ƙofa. Kada ki roƙa mini gafara, wannan ba naki ba ne. In kin gama ki yi shiru ki ji abin da za ta ce, ki dawo ki faɗa mini shi yadda ta faɗa, ba gyara. Ki je bana, kada ki bari sai baɗi.